Akushin Lawali

Bana ruwa ya yi mana irin halinsa. Ya sauka sau ɗaya mai kyau, muka fita da sungumi muka zuba iri, gero ya tsiro ya yi kunne biyu, sai sama ta rufe bakinta. Yau kwana goma sha tara. Da safe ganyen yakan miƙe kamar abin kirki, kafin hantsi ya nannaɗe kamar igiya. Kullum la'asar hadari yakan taso daga gabas, ya yi baƙi, ya yi gurnani, iska ta zo ta kwashe shi ta yi kudu da shi. Ni na daina ɗaga kai ma. Wuyana ya gaji.

Shekaranjiya muna gona ni da ƴata Uwani. Ba wani aiki muke yi ba, ciyawar ma ba ta fito ba, amma zaman gida ya fi ciwo. Uwani sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa ba na kiran ta da sunan yanka. Tana kwalej a Dungas, an ba su hutun damina, ta taho da kayenta, littafin rubutunta na makaranta, har gona. Muna zaune gindin aduwa tana ta maimaita wasu kalmomi na Ingilishi, tana faɗa tana tsaki.

Na ce, "Ke da wa kike faɗa?"

Ta ce, "Da mushen Ingilishi, malaminmu, Baba. Dubi yadda ya cika mini kaye da jar tawadar bik."

"Me kika yi masa?"

"Tambaya ce iri biyu. Akwai wadda kake yi kai tsaye, ka ce, ina ya tafi? Akwai wadda kake sakawa cikin wata magana, ka ce, ko za ka gaya mini inda ya tafi, ko kuwa ka ce, ban san inda ya tafi ba. To a Ingilishi, ta kai tsayen sai ka jawo wata ƴar kalma ka sa ta gaban mutumin. Ta biyun ba a jawo komai, kalmomi su zauna yadda suke a magana. Ni kuma duka biyun nake jawowa."

Na ce, "A kan wannan na sayar da akuya na kai ki Dungas?"

Ta yi dariya. Ta ce, "Mushe ya ce ta biyun ita ce ta ladabi. Ba ka tsare mutum da tambaya, sai ka zagayo masa."

Ta ci gaba da abinta, tana faɗa da Ingilishi tana juyawa da Hausa don ya zauna mata a ka. Ni aji uku na yi a lakwal, makarantar boko, ban san Ingilishi ba, ba na kuma neman sani. Amma tambayar da ake zagayowa na san ta. Wata biyu cur ana yi mini ita, a wata damina mai kama da wannan, shekara talatin da wani abu ke nan.

Lokacin mu uku ne a gida, nan ƙauyenmu na ƙasar Yekuwa: Inna, da yayana Lawali, da ni. Baba ya rasu shekara biyu kafin nan. Ina da wajen shekara ashirin, Lawali ya ba ni uku. Shi ne ɗan fari.

Yaran yanzu sai an yi musu bayani. Matata tana ƙwala wa ɗanta na fari kira da sunansa har a ji ta a masallaci, ba mai ce mata komai. Inna kuwa tunda na yi wayo ban taɓa jin sunan Lawali a bakinta ba. Ba ta kallon sa ido da ido, ba ta zama inda yake zaune. In tana son ya gyara danga, ni za ta ce wa, "Dangar nan ta kwanta," alhali yana tsaye yana ji. In dole ta ambace shi sai ta ce "wancan". In ya yi zazzaɓi ni za ta miƙa wa jiƙo, ba za ta ce na wane ne ba. Kunyar ɗan fari ce, haka ta tarar, haka ta riƙe. Baƙo sai ya ce ba ta son sa. Amma in an sauke tukunya, akushinsa ake fara zuba wa, shi ne kuma ya fi kowanne miya.

Kakar da ta gabata ba mu sami abin kirki ba, tsutsa ta cinye kan geron. Rumbu ya yi ƙasa tun kafin bazara. Bazarar kuma ta zo da zafin da kaji ke tsayawa a inuwa baki buɗe. Rijiya ta yi nisa, sai da aka ƙulla wata igiya a kan ta da, guga kuma ya riƙa fitowa rabi ruwa rabi laka. Ruwan farko da ya sauka muka shuka, ya tsiro, ya ƙone a idonmu. Da na biyu ya zo sai Inna ta fasa wani tulu da ta liƙe bakinsa da laka tun kaka, mu ba mu ma san da shi ba. Sauran iri ne a ciki, gauraye da toka. Lawali a gaba yana saran rami da sungumi, ni da ita a baya muna jefa ƙwaya muna rufewa da diddige. Ina tuna tana ce mini, "Ƙidaya hannunka, Sani. Ba zubar da shara kake yi ba." Wannan shukar ita ta kama.

Ta kama, amma tsiro ba a cin sa. Fura ta koma farau-farau, ruwa ne fari da ɗan ƙamshin gero. Tuwo ya koma sau ɗaya, da magariba, rabinsa dusa. Inna takan fita da asuba ta roro tafasa da yaɗiya, in ba su sai ganyen jiga. Akwai ƴaƴan anza da take jiƙawa kwana da kwanaki tana sauya ruwa don ɗacin ya fita, kuma bai taɓa fita duka ba. Har yau in na ga itacen anza sai yawu ya taru a bakina. Yunwa irin wannan ba ciwon ciki ba ce. In ka sunkuya ka ɗago sai ka ga duhu, ƙafarka ta yi nauyi, kowa kuma ya riƙa ba ka haushi ba tare da ya yi maka komai ba.

Rana ta uku da fara noman farko, da hantsi, Lawali ya jingine hauya ya ce in zo.

Ya ce, "Na leƙa rumbu jiya. Abin da ke ciki ba zai kai mu tumu ba. Zan ƙetara iyaka. An ce bayan Babura ruwa ya yi kyau, ana neman ƴan ƙwadago. Zan dawo da hatsi kafin gero ya nuna."

Na ce, "Ni zan tafi."

Ba jarumta ba ce. Na ji ana cewa a can har gona ake kai wa ƴan ƙwadago tuwo da fura.

Ya ce, "Kai ka zauna. Kai take iya yi wa magana."

"Gona uku fa, ni kaɗai?"

"Ka yi babbar, ka bar sauran."

"Kai ka je ka ci tuwo, ni in zauna in ci jiga."

Ya ce, "Ba shawara nake nema ba." Ya ɗauki gorar ruwansa ya rataya. Sai ya juyo. "Ka gaya mata inda na yi, da lokacin da zan dawo. Ka san ba za ta tambaye ka ba. Kai za ka faɗa."

Na ce to. Ya yi kudu a ƙasa, ina kallon bayansa har kalgo ya tare shi.

Na dawo gida bayan azahar da hauya biyu a kafaɗa. Inna na tsakar gida tana tsince tafasa. Ta dubi hauyoyin, ta dubi ƙofa a bayana, ta mai da kanta ga ƙwarya. Zuciyata na tafasa, na ce a raina, in ta tambaya zan faɗa. Na san ba za ta tambaya ba. Niyyata kwana ɗaya ne kawai, wani ma ya ji abin da nake ji.

Da magariba ta zuba tuwo akushi uku kamar kullum. Ta rufe na Lawali da faifai ta ɗora a ragaya. Da safe ta ɗumama shi ta ajiye a gabana.

Ta ce, "Kada ya lalace. Ci ka tafi gona."

Na ci. Ranar na fara jin nauyin abinci a cikina tun da bazara ta shigo. Na yi noma har la'asar ban ga duhu ba. Abin da ya rufe mini baki ke nan, ba wani abu ba. Na san ranar da na ce mata sai gero ya nuna zai dawo, akushin nan ya daina hawa ragaya. Ita a ganinta zai iya shigowa kowace yamma, ba za ta yarda ya tarar ba a ajiye masa ba.

Sai ta fara zagayo ni. Ba ta duban fuskata in za ta yi, tukunya take duba ko turmi.

"Hauya biyu na gani a bayan ɗaki."

In ce, "Haka ne."

Wata rana, "Ko waɗanda suka ci kasuwar Sassumbrum sun zo da wani labari?"

In ce, "Ban ji ba."

Wata rana kuma, "Akwai wanda ya bar rigarsa a kan igiya. Ban sani ba ko zai neme ta."

In ce, "A bar ta nan."

Hatsin da take aunawa bai ƙaru ba, kashi uku dai ake yi. Ban tsaya na tambayi kaina daga ina kashi na ukun ke cika ba, sai ranar da na shiga ɗakinta neman wuƙa na tarar tana ci ta ba ƙofa baya. Ganye ne zalla a akushinta. Ta sa faifai ta rufe da sauri. Na ɗauki wuƙa na fita. Washegari na ci ɗumamena.

Maƙwabciyarmu Iya Delu, tsohuwa mai baki, ita ta tare ni a hanyar rijiya.

Ta ce, "Kai Sani, tsaya nan. Ina Lawali ya tafi?"

Na ce, "Ban san inda ya tafi ba, Iya."

"Ku biyu kuka fita gona."

"Ya ce zai zagaya, ban sake ganin sa ba."

Ta ce, "Uwarku sau uku tana zuwa aron muciya wurina cikin kwana biyu. Me gare ta na tuƙawa da muciya biyu? Tsayawa take yi ko zan ce wani abu. In ka san wani abu ka faɗa, yaro."

Na ce ban sani ba. Daga ranar shiru ya zama ƙarya, ƙaryar kuma ta shiga gari. Wasu suka ce ya bi motar arewa, wasu suka ce yunwa ta kashe shi a daji. Duk yana komawa kunnen Inna.

Ruwa kuwa da ya tashi zama sai ya zauna. Kwana biyu, kwana uku, ya sauka. Ƙasa ta yi ƙamshi, kwaɗi suka cika tabki da kuka, ciyawa ta taso kamar ana jan ta. Samarin gari muka haɗa kai muna bin gonaki ɗaya bayan ɗaya, ba abincin gayya, mai gona ruwa kawai yake kawowa. Mutum yakan nome kunya biyu ya zauna. Ni ina gaba kullum. Wani abokina ya ce, "Sani, wace aljana ke ciyar da kai? Mu duk mun zama kara, kai kana sheƙi." Aka yi dariya, ni ma na yi. Gona ukun duka na nome, na yi musu maimai. Dattawa suna cewa ɗan marigayi ya riƙe gida.

Ita kuwa munduwar hannunta ta koma tana zamewa har gwiwar hannu. In ta ɗora tulu sai ta dafa danga kafin ta miƙe. Sau da yawa nakan dawo daga gona da maganar a bakina, in ce yau zan faɗa. Sai in tuna za ta gane tun ranar farko na sani. Sai in ce gobe.

Gero ya yi ciki, ya fid da kai, sai malka ta sauko. Kwana uku ba a ga rana ba. Ɗaki na yoyo, itace ya jiƙe, hayaƙi kawai yake yi. Cikin wannan zazzaɓi ya kama Inna. Mutane da yawa sun yi shi a shekarar sun tashi. Ita ba ta da abin da zai tashe ta. Iya Delu ta karɓi girki, amma ko tana kwance Inna takan ce mata, "A rufe ɗayan." Ana rufewa. Ina ci.

Safiya ta shida da kwanciyarta, ruwa ya ɗauke, na ɗauki hauya zan fita sai na ji muryarta.

"Sani."

"Na'am, Inna."

Na durƙusa bakin gadon kara. Ba kowa a ɗakin sai mu. Ta dube ni sosai.

Ta ce, "Ina Lawali?"

A hankali ta faɗi sunan, kamar mai ɗaukar abu mai zafi. Shekara ashirin da uku tana riƙe da shi bai fita ba. Ranar ta ajiye kunyar ta tambaye ni kai tsaye, abin da na ce ina jira. Kalma ɗaya ce, Babura. Amma na hango tambayar da za ta biyo baya.

Na ce, "Ban sani ba, Inna."

Sai ta ce, "To. Je ka, rana na yi."

Na tafi gona ban sari ko ciyawa ɗaya ba. Kafin azahar na jefar da hauya na dawo a guje. Na tarar Iya Delu na ɗiga mata ruwa da ludayi, ba ta gane kowa. Na jira tsohuwar ta fita, na sa bakina a kunnenta na ce yana Babura, yana ƙwadago, lafiyarsa lau, zai dawo kafin gero ya nuna. Na faɗa sau uku. Idonta a buɗe yake. Ko ta ji ko ba ta ji ba, Allah ne ya sani. Washegari da la'asar ta cika.

Kwana tara bayan nan Lawali ya iso a amalanken wani mutum, da buhun dawa da garin rogo, da zane sabo a ƙulle cikin takarda. Tun a bakin gari aka gaya masa. Da masu gaisuwa suka watse ya ja ni bayan rumbu.

Ya ce, "Ka gaya mata?"

"Na gaya mata."

"Tun ranar?"

"Tun ranar."

Ya sauke numfashi ya ce alhamdu lillahi. Iya Delu ta ji shi yana faɗa wa mutane cewa Inna ta tafi ta san inda yake. Ba ta tona ni ba. Ta dai dube ni, kuma har ta mutu in na gaishe ta ba ta sake kiran sunana ba.

Geron shekarar ban sake ganin irinsa ba. Sai da muka yi sabon rumbu. Tumun farko da aka gasa na kasa haɗiye shi, aka ce baƙin cikin rasuwa ne.

Yanzu kabu-kabu na kai mutum Babura ya dawo a yini. Ɗana na can arewa wurin aiki, duk Juma'a sai ya kira uwarsa ta waya, ta tsare shi da tambaya har ta ji abin da ya ci. In rumbu ya yi ƙasa akwai shinkafa a kanti ga mai hali. Lawali yana nan bayan gidana, yanar ido ta rufe masa gani, ba ya zuwa gona. Duk shekarar da ruwa ya yi jinkiri sai ya tuno waccan, ya ce, "Abin da ke sanyaya mini rai, Sani, ta san inda nake." In ce haka ne. Na fi sau ɗari ina ce masa haka ne.

A gindin aduwar nan Uwani ta rufe kaye ta ce, "Baba, me ke damun ka?"

Na ce rana ce. Ta ce a inuwa muke. Ban san abin da ya sa ba, ko don sunan da take ɗauke da shi ne, na gaya mata duka, har da akushin. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce mini "ba komai" ba.

Ta ce, "Baba Lawali ya sani?"

"A'a."

"Yaushe za ka gaya masa?"

Na ce, "Ke mushen naki bai koya miki zagayowar ba ke nan."

Ta ce, "Ai ita na faɗi a jarrabawa."

Jiya bayan la'asar na je. Yana zaune kan tabarma a ƙofar ɗaki yana tufka igiya da lalube. Na zauna, muka gaisa, muka yi maganar ruwa. Sai na ce, "Yaya, ban gaya mata ba."

"Wa?"

"Inna. Ranar da ka tafi ban gaya mata ba. Har ta kwanta ban gaya mata ba."

Hannunsa bai tsaya ba. Na faɗi na akushi, na faɗi na Iya Delu, yana ta murza kaba a cinya. Sai da na zo safiyar nan.

Na ce, "Ta tambaye ni da bakinta, na ce ban sani ba."

Ya ce, "Ta ce ina wancan?"

"A'a. Cewa ta yi, ina Lawali."

Igiyar ta tsaya.

"Sunana?"

"Sunanka."

Sai ya ce, "Sake faɗa. Yadda ta faɗa."

Na sassauta murya na faɗa. Ya ce in sake. Na sake.

Ya ce, "Tuwon ka ci, ya wuce, yunwa ce. Amma sunan nan da ta kira, abina ne, Sani. Shekara talatin da wani abu kana zaune a kansa."

Ya laluba ya ɗauki igiyarsa. Ya ce, "Tashi ka je, an kusa kiran salla."

Yau da safe na sa aka dama fura mai kauri, da nono, na ba Uwani ta kai masa. Ta dawo da ƙwaryar a rufe yadda ta tafi da ita. Ya ce a gaya mini ba ya jin yunwa. Ta ajiye a gabana ta ce, "Sha mana, Baba, kada ta lalace."

Na ce ta ɗauke daga nan. Gobe a sake dama wata a kai masa.